Kamfas da kwamfuta: a wane hannu mai nutso zai ɗaura kowanne?

Idan ka taɓa ganin hoton masu nutso a teku, goye da tukunyar iska, wataƙila ka lura da wasu abubuwa kamar manyan agoguna a hannayensu. Yawanci guda biyu ne, kwamfuta da kamfas. Tsarin da ƙwararru da yawa suke bi shi ne kwamfuta a dama, kamfas a hagu, kuma suna da hujjarsu.

Mene ne aikin kowanne?

Kwamfutar nutso tana auna zurfin da ka kai da tsawon lokacin da ka yi a ƙasa. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ce. A cikin zurfi, matsin ruwa yana sa wannan iska ta riƙa narkewa a jini da naman jiki. Idan ka taso da garaje sai ta koma kumfa, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma ajali. Kwamfutar ce ke tsare ka: takan yi ƙara idan saurin tasowarka ya wuce kamar mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, ta kuma ƙirga maka minti 3 da ake so ka dakata a zurfin mita 5 kafin ka fito.

Shi kuwa kamfas faifai ne mai maganaɗisu da ke juyawa ya nuna arewa. Yana zaune cikin wani ruwa da ke hana shi rawa. Kana buƙatarsa domin saƙon tauraron ɗan'adam na GPS ba ya ratsa ruwa, kuma idan ruwa ya gurɓace, gabas da yamma duk ɗaya ne a idonka.

Ai kwamfutoci suna zuwa da nasu kamfas ɗin?

Da yawa suna da shi, kuma yana aiki. Sai dai idan batir ya mutu, ka yi asarar biyu a lokaci guda. Yana kuma buƙatar saiti lokaci zuwa lokaci, kamar yadda manhajar neman alƙibla a waya take sa ka jujjuya wayar kafin ta daidaita. A wasu kwamfutocin ma sai ka danna maɓalli kafin kamfas ya bayyana, ya danne wani ɓangare na bayanan allon. Shi ya sa mutane da dama har yanzu suke riƙe da kamfas mai zaman kansa, wanda ba ruwansa da batir.

Me ya sa kwamfuta a dama?

Mai nutso yana sanye da wata riga da ake hura wa iska don kada ya nitse ƙasa ko ya taso ba da niyya ba. Tiyon wannan riga daga kafaɗar hagu yake saukowa. Lokacin tasowa iskar da ke cikin rigar tana kumbura, don haka dole ka ɗaga tiyon sama da hannun hagu kana rage ta. A daidai wannan lokaci ne kuma ake so idonka ya kafe a kan kwamfuta. Idan tana hagu, ta yi sama da kanka, ba ka ganin komai. Idan tana dama, hagu na aikinsa, kai kuma kana karanta zurfinka.

Kamfas ba shi da wannan matsalar, domin kana duba shi ne sa'ad da kake tafiya a kwance, hannun hagu ba shi da wani aiki.

Ba za a haɗa su a hannu ɗaya ba?

Ana yi, amma sai an gwada. Ƙarfe, maganaɗisu da wutar batir duk suna iya karkatar da kamfas, kuma ba zai nuna maka alamar cewa ya kauce ba. Gwajin ba wuya. Ka ajiye kamfas a kan teburin katako, ka bari ya natsu, ka lura da lambar da yake nunawa. Kunna kwamfutar, ka matso da ita a hankali har su taɓa juna. Idan faifan ya motsa, raba su. Ka maimaita da wuƙarka da tocilarka, domin wasu tocilolin nutso da maganaɗisu ake kunna su.

Sauran wuraren fa?

Kayan haya sukan zo da kamfas a haɗe da ma'aunin iska a ƙarshen dogon tiyo. Ba ya ɓata, amma idan ba ka maƙale shi a jiki ba sai ya riƙa jan ƙasa yana karya murjani. Akwai mai igiya da ke komawa da kanta, wanda ake rataya shi a zoben ƙirjin riga: ka ja shi gabanka, ka riƙe da hannu biyu, ka sake shi idan ka gama. A ganina wannan ya fi wa sabon shiga sauƙi. Wasu kuma a bayan tafin hannu suke ɗaura shi da roba.

Yaya ake riƙe shi?

A nan ne akasari ake kuskure, ko a ina aka ɗaura shi. A fuskar kamfas akwai wani layi da ba ya motsi, wanda dole ya yi daidai da tsakiyar jikinka da inda ka dosa. Kamfas kuma dole ya kasance a shimfiɗe, in ba haka ba faifan ya maƙale. Suunto, kamfanin ƙasar Finlan da ke ƙera kamfas tun 1936, ya yi samfurinsa na SK-8 yadda zai jure karkata har digiri 30, amma da yawa ba su kai haka ba.

Idan yana hagu, miƙa hannun dama gaba sosai, ka kama shi wajen gwiwar hannu da hannun hagu. Kamfas zai zauna a gaban fuskarka, ka karanta lambar ta ƙaramar tagar da ke gefensa. Idan za ka juya, jikinka duka za ka juya, hannu ya tsaya yadda yake. Don komawa inda ka fito, ƙara ko rage digiri 180: wanda ya tafi a kan 70 zai dawo a kan 250.

Akwai inda ba a yarda da shi?

Akwai, kusa da tarin ƙarfe. A Bahar Maliya, daf da Port Sudan, akwai jirgin ruwan Italiya mai suna Umbria, wanda ma'aikatansa suka nutsar da gangan a watan Yunin 1940, maƙare da bama-bamai, don kada ya faɗa hannun Ingila. Daga baya masu nutso daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa kallonsa. A jikin irin wannan jirgi kamfas ruɗewa yake yi, na allon kwamfuta ma bai tsira ba, domin shi ma da maganaɗisun duniya yake aiki. Sai ka bi siffar jirgin da ido, ka jira ka yi nisa da shi kafin ka sake duba hannu.

Nawa ake kashewa?

Kamfas mai kyau yakan kai kimanin dala 50 zuwa 100, kwamfuta kuwa daga wajen dala 200 har sama da 1,000. Kafin ka biya, tambayi mai kaya ko kamfas ɗin na wane yanki ne. Ana daidaita nauyin faifan wasu kamfas don rabin duniya na arewa, wasu don na kudu, kuma wanda aka kai yankin da ba nasa ba yana iya sunkuyawa ya maƙale.