Tafinta Tsakanin Harshen Pascal da Na'urar CDC 6000

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta jin kowane harshe sai na lambobi, watau jerin sifiri da ɗaya. Shi kuwa mai tsara mata aiki yakan rubuta umarninsa ne da wani ƙirƙirarren harshe mai nahawu da ƙa'idoji, irin su Fortran ko Pascal. Saboda haka dole a sami tafinta a tsakani, wanda shi ma shiri ne da ke cikin na'urar, aikinsa kuwa juya rubutun mutum zuwa lambobin da ita take ganewa. Kamar yadda masana fassara suka sani, wahalar tafinta ba a harshen da ake ɗaukowa kaɗai take ba. Harshen da ake zubawa a ciki shi ma yana da tasa ɗabi'a. Tarihin tafintan Pascal na farko ya tabbatar da haka.

Niklaus Wirth ne ya ƙago Pascal a jami'ar ETH da ke Zurik, a ƙasar Suwizalan, kuma na'urar da aka yi wa tafintan tana cikin jerin CDC 6000, dangin CDC 6600 wadda Seymour Cray ya tsara, ta fito a 1964. An fara gwada rubuta tafintan da Fortran a 1969, abin ya faskara, aka watsar. Daga nan sai aka rubuta shi da Pascal ɗin kansa, aka zauna aka fassara shi da hannu zuwa wani harshe na kusa da na'urar, ya soma aiki a 1970. Bayan wannan fassara guda, tafintan ya zama yana iya fassara kansa da kansa.

Ita wannan na'ura baƙuwar halitta ce. Kalmarta guda tana da gurbi 60, kowane gurbi na ɗaukar sifiri ko ɗaya, harafi kuwa gurbi 6 yake ci. Ke nan haruffa 10 ne ke cunkushe cikin kalma, kuma na'urar ba ta iya nuna harafi ɗaya kai tsaye. Sai ta ɗauko kalmar dungum, sannan a tsamo wanda ake so. Alamomin rubutunta duka ba su wuce 64 ba, babu ma ƙananan baƙaƙen boko, balle a yi zancen ɓ da ɗ da ƙ. Daɗin daɗawa, umarninta na da tsawon gurbi 15 ko 30, amma idan za a yi tsalle zuwa wani wuri cikin shiri, sai a farkon kalma ake iya dira. Tilas tafinta ya riƙa cike giɓi da umarnin da ba ya aikata kome, tamkar mawaƙin da ke cusa gaɓa don karin waƙa ya daidaita.

Abin lura shi ne yadda wannan matsi ya bar tabo a jikin harshen. Ajiye harafi ɗaya cikin kalma mai gurbi 60 ɓarna ce, cunkusa 10 kuma yana rage sauri. Maimakon a yanke wa mai rubutu hukunci, sai aka ba shi kalmar “packed”, ma'ana cunkusasshe, domin ya zaɓa da kansa. Dabara ce mai kyau a inda aka yi ta, sai dai ta ɗora wa ɗalibi nauyin sanin cikin na'urar, alhali don koyarwa aka yi harshen.

Daga 1973 mutanen Zurik suka sake hanya: tafinta ya riƙa fassara zuwa harshen wata na'ura ta zato, wadda kowa ke iya kwaikwaya a tasa. Ta haka Pascal ya kai ga ƙananan na'urori irin su Apple II. Kalmar “packed” kuwa ta bi shi, har ta shiga daidaitacciyar ƙa'idarsa ta duniya a 1983.