Tafkin Chadi: Da Wane Mudu Aka Auna Kashi 90?

Duk taron da za a yi kan muhalli, a Abuja ne ko Yamai ko Njamena, da wuya a tashi ba a ji wani babba ya ce Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100 ba. An nanata maganar har ta zama hadda. Da ita aka kafa hujja a taron Abuja na Fabrairun 2018, inda aka sake ta da batun haƙa mashigin ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga kogunan yankin Kwango. Amma ba a cika tambayar daga yaushe zuwa yaushe aka yi lissafin ba, balle a ce me aka auna.

A 1963, bayan shekarun damina mai albarka, faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na arewa da na kudu. Na 1984 ya zo ya ƙara, har ruwan da ake hangowa daga sama ya koma kusan 2,000. Ka ga ke nan an ɗauki lokacin da ya cika maƙil an gwada da lokacin da ya fi tsukewa. Lissafin gaskiya ne, sai dai ya kai shekara arba'in da haihuwa.

Tafkin ba shi da zurfi, shi ya sa ɗan ƙarin ruwa ke malale fili mai yawa, ɗan ragi kuma ya bar tudu. Kusan kashi 90 na ruwan da ke shiga cikinsa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa. Abin da Komadugu Yobe ke kaiwa kaɗan ne. Sannan tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoto ruwan fili kawai yake gani. Wanda ya kwanta a ƙarƙashin ciyayi sai a lissafa shi a matsayin busasshiyar ƙasa, alhali masunci a Darak ko Bol yana nan yana tura kwalekwalensa da gora a cikinsa. Wani bincike da mujallar Scientific Reports ta buga a 2020 ya nuna tafkin bai ci gaba da raguwa ba cikin shekara ashirin da suka gabaci binciken.

Duk mai sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba. In wani ya auna a shafe, wani da tozo, wani da kwanon da aka bubbuga gindinsa, buhu ɗaya sai ya ba da lissafi uku, kuma kowa ya rantse gaskiya ya faɗa. Haka abin yake idan wannan rahoto ya auna tafkin lokacin cikar ruwa, wancan a ƙarshen bazara, wani ya haɗa da fadama, wani ya cire ta. Tafki ɗaya ne tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma kifi bai san kan iyaka ba.

Mudun bai-ɗaya kuwa akwai shi. A 2014 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta amince da wani ma'auni na tantance haɗarin da daji ko tafki ko fadama ke ciki. Tambayoyi biyar yake yi. Shin faɗin wurin yana raguwa? Shin dama can ƙarami ne, yadda masifa ɗaya za ta iya shafe shi? Ruwansa da ƙasarsa sun lalace? Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin tsirrai da dabbobinsa ya wargaje? Me lissafi ya nuna game da yiwuwar rushewarsa gaba ɗaya? An kuma ƙayyade lokaci: shekara 50 baya, shekara 50 gaba, ko tun daga 1750. Raguwar kashi 30 cikin shekara 50 alamar rauni ce, 50 haɗari, 80 mummunan haɗari. Da wannan ma'auni aka yanke cewa Tekun Aral na tsakiyar Asiya ya riga ya rushe. Afirka ta Kudu da Finland da Kolombiya sun auna ƙasashensu da shi, kuma yarjejeniyar kare halittu ta Montreal ta 2022 ta sa shi cikin manyan ma'aunanta.

Amfaninsa shi ne bai tsaya ga faɗi kaɗai ba. Dubi dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin cika da janyewar ruwa ya sauya, kachalla ta toshe magudanai ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. Daga sama wurin kore shar yake. Manomin da ke sara da adda, ruwa iya ƙugu, shi ya san ciwon da ke wurin.

Babu mai cewa yankin Tafkin Chadi lafiya lau yake. Rashin tsaro ya kori masunta da manoma daga Baga, damina ta rikice, ambaliya na bin bayan fari. Amma adadi mai firgitarwa ya fi saurin jawo kuɗin tallafi, shi ya sa ake riƙe da shi, a bar aikin da ba a yanka masa kyalle: sandunan auna ruwa a bakin koguna, ma'aikatan da za su karanta su kullum, da musayar bayanai tsakanin ƙasashe.

Tun 1964 aka kafa Hukumar Tafkin Chadi. Ya kamata ta tsayar wa ƙasashenta mudu ɗaya da lokacin awo ɗaya, ta riƙa bayyana sakamakon kowa ya gani, kafin a ci bashin biliyoyin daloli don maganin cutar da ba a gama tantancewa ba.