Daga Tashar Anka Zuwa Ɗakin Lakca

Shirinmu na musamman na yau zai bi sawun 'ya'yanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum da ke karatu a jami'a.

Mu fara da tasha. Duk farkon zangon karatu za ku ga saurayi riƙe da jaka shaƙe da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da 'yar galan ta man gyaɗa, mahaifinsa na tsaye bakin mota yana nanata masa cewa kada ya kuskura ya yi tafiyar dare. Wasu Sakkwato suka nufa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975. Wasu Gusau, jami'ar tarayya da ta zo a 2013. Wanda kuwa ya faɗa Zariya ko Kano, darasinsa na farko a bakinsa yake: da ya ce "mi" ko "hwara", sai abokan ɗaki su kwashe da dariya. Makon farko yakan yi shiru. Kafin shekara ta zagayo, shi ke tashi a gaban mutum ɗari biyu ya yi wa lakcara tambaya, da harshen nan nasa na Zamfara.

Akwai abin da ya bambanta wannan rukuni na ɗalibai da na gabansu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma. A cikin gidaje ake niƙa duwatsun zinariya, ƙurar mai ɗauke da dalma ta kwanta a tsakar gida, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka yi magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. To, tsarar waɗancan jarirai su ne yau ke zana jarrabawar shiga jami'a ta JAMB.

Ku ɗauka ɗayansu na zaune a ajin kimiyya, malami na bayanin yadda dalma ke shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Na kusa da shi rubutu kawai yake yi don jarrabawa. Shi kuwa tsakar gidansu yake gani, da dalilin da ya sa aka kwashe ƙasarta yana ƙarami.

Hanyar ba sauƙi. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai da dama suka koma gona ko kasuwa. A Satumbar 2023 'yan bindiga suka afka wa gidajen ɗaliban jami'ar Gusau a Sabon Gida, suka tafi da mutane, yawancinsu mata. Wace uwa ce za ta ji wannan hankalinta ya kwanta? Duk da haka 'yan mata na ci gaba da cike fom, kuma iyayen da ke sa musu albarka su tafi, Allah Ya saka musu da alheri.

Idan hutu ya zo, gida ke fara ganin canjin. Ɗalibar koyon aikin jinya ce ke karanta wa kakarta takardar magani. Ɗan'uwanta kuma ya durƙusa gaban kawunsa mai haƙar zinariya, ya ce: "Kawu, don Allah a riƙa barin kayan aiki can waje, a wanke jiki kafin a ɗauki yara." Kawu ya dube shi, ya yi shiru, sannan ya tuɓe rigar a zaure.