Kabanci da Kananci: Yadda Hausar Takarda Ke Mamaye Bakin Kabawa

Wanda ya saurari hirar dattawan Argungu, sannan ya leƙa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya ji ta jikokinsu, zai ji Hausa iri biyu. Dattijo zai ce, "Da sunka zo, sai yac ce mu zamna." Jikansa kuwa, musamman in da baƙo a wurin, cewa zai yi, "Da suka zo, sai ya ce mu zauna." Babu hukumar da ta hana Kabanci, amma kullum ja da baya yake yi daga aji da ofis da gidan rediyo, yana komawa tsakar gida da fadama da bakin gulbi.

Bambancin ya wuce na lafazi. Bakabe kan ce hwari da tahi da biyat, Bakano ya ce fari da tafi da biyar. Inda Kano ke da "ne" da "ce", Kabi na da "na" da "ta". Masana irin su Bajamushe August Klingenheben sun nuna cewa amre da zamna da sabka su ne tsofaffin siffofi, gabas ce ta sassauta su zuwa aure da zauna da sauka. Ke nan abin da yaro ke jin kunyar faɗa a gaban malami ya girmi abin da ake gyara masa da shi.

Duk da haka Bakano da Bakabe suna ciniki ba tafinta. In muka leƙa Turai don kwatance, harshen Holand da na Suwidin fa, da su ma tushensu ɗaya? Su tazararsu ta yi nisa. Ɗan Amsterdam yana sa alamar "sananne" a gaban suna, ya ce het huis, ɗan Stockholm kuwa a ƙarshe yake liƙa ta, hus ya koma huset, kamar yadda gida ke komawa gidan a wurinmu. In sun haɗu, galibi Turanci ke raba gardama. Inda tarihinsu ya yi kama da namu shi ne yadda kowannensu ya sami daidaitaccen harshe. Fassarar Baibul ta 1541 a Suwidin da ta 1637 a Holand sun ɗaga karin wasu yankuna, makaranta ta ɗora a kai, sauran kare-karen suka zama maganar ƙauye.

Mu a nan Zariya ce ta yi wannan aiki. Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sun kafa rubutun boko a kan Hausar gabas, Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ƙara masa ƙarfi. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, finafinan Kano suka biyo baya daga 1990, tashar Arewa24 ta shigo ɗakunan mutane a 2014. A finafinan nan, in ka ji "wanga" da "munka", sau da yawa baƙauye ne ko mai ban dariya ke magana, kuma yara suna lura.

Sai dai a ganina ɗora wa Kano laifin duka ragon azanci ne. Babban dalili yana cikin gida. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ya cika da ma'aikata daga Zuru da Yawuri, da yawansu Hausa ba ita ce harshen uwarsu ba, wadda suka koya a makaranta da rediyo suka zo da ita. A sakatariya ita ce ba ta nuna garin kowa, don haka aka fi sakewa da ita. Shinkafa ma ta taka rawa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, 'yan kasuwa da direbobi daga gabas suka yawaita, mai sayarwa kuwa bakin mai saye yake bi. Ga kuma jarrabawa. Ɗalibin da ya rubuta "anka" a insha'in WAEC ko NECO ya san jan biro na jiransa.

Ribar a fili take. Yaron Augie zai karanta littafin da aka buga a Kano, ya nemi aikin jarida a Kaduna ba tare da an yi masa dariya ba. Hasarar ce ba a cika lissafawa ba. Waƙoƙin Hausa na zamanin jihadi, irin na Nana Asma'u, da karin yamma aka tsara su, haka waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo. In aka mai da "sunka" ta zama "suka", ma'aunin waƙa ya karye. Ɗalibin da aka raba da karin gidansu zai wayi gari yana neman sharhi kafin ya gane abin da kakarsa ke fahimta tana tankaɗe. Haka kirarin Sarkin Ruwa da maganganun masunta a gulbin Matan Fada. UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma gora da homa kawai kyamara ke ɗauka, harshen masu riƙe da su ba ya shiga hoto.

Ban ce Kabanci na bakin kabari ba. Saƙon murya a WhatsApp ya ba shi sabon fili, domin mai magana ba ya tunanin ƙa'idar rubutu. Malamai da yawa a yankin suna tafsiri da karinsu ba tare da sun sassauta ba, kuma ana sauraronsu har Kano. A ƙetaren iyaka daga Kangiwa, a Dogon Dutsi ta Nijar, inda Faransanci ne harshen takarda shekaru da dama, Hausar Zariya ba ta sami ƙofar aji yadda ta samu a nan ba. Abin da ke faruwa shi ne rabon aiki: matashi na da bakin gida da bakin waje, yana sauyawa gwargwadon wanda ke gabansa.

Waɗanda abin ya fi ci su ne maƙwabta. A Kamba da ƙauyukan Dandi, da unguwannin Zabarmawa da rugagen Fulani na kwarin Rima, akwai gidajen da iyaye ke magana da Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci, 'ya'ya su amsa da Hausa. Hausar da suke amsawa da ita kuwa Kabancin nan ne da Kananci ke tura wa bango.