Rawar Ƙafar Gaba a Motar da Aka Ƙara wa Tsawo

Yayana yana da wata tsohuwar Land Rover, da ita ya ke kwaso masara daga gona. Da ramukan hanya suka dame shi, sai ya kai aka sa mata dogayen sifirin, ta ƙara tsawo inci 2, aka kuma ɗaura mata manyan tayoyi. Ran nan ina tuƙa ta, ina cikin mil 45 a sa'a, sai ƙafar hagu ta faɗa wani ɗan rami. Nan da nan sitiyari ya kama kaɗawa kamar mai masassara, bai bari ba sai da na kusa tsayawa cik. Ga yara huɗu a baya. To, abin da na koya wajen neman wannan ciwo shi ne na ke so in bayyana wa 'yan'uwa.

Tun 1983 masu ƙera Land Rover suka fito da ƙirar nan mai naɗaɗɗen sifirin, wadda aka laƙaba wa suna Defender a 1990. Ƙafafunta na gaba suna bisa aksul guda ne, dogayen hannuwa biyu na ƙarfe suna riƙe da shi. Ku dubi keke. Wuyansa ba a tsaye ya ke sak ba, ya ɗan kwanta baya, don haka ne yaro kan saki hannu keken ya yi ta tafiya sosai. Haka ƙafar mota ta ke, inda ta ke juyawa an kwantar da shi baya, a wannan mota digiri 3. Kadan aka ɗaga jikin motar, sai hannuwan nan su sunkuya, su murɗa aksul, kwanciyar nan ta ragu ko ta ɓace. Alamarsa ita ce motar ta riƙa yawo a kan hanya, in an sha kwana kuma sitiyari ya ƙi komowa da kansa.

Amma kada a yi gaggawar ɗora wa tsawon laifi duka. A fara da abu mai arha: iskar tayoyin nan biyu daidai ta ke? Notocin wili a ɗaure su ke tam? Sa'an nan a sa dutse a ƙafafun baya, a ɗaga gaba da jak, a tokare da abu mai ƙarfi. Kada kowa ya sa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kama taya sama da ƙasa, ka jijjiga. In ka ji ƙwas-ƙwas, ɗayan biyu ne: ko boris na wili ya saki, ko kuwa 'yan boris na sama da ƙasa waɗanda ƙafar ke juyawa a kansu. Ga dabarar rabe su. Sa wani ya taka birki da ƙarfi, ka sake jijjigawa. In rawar ta ɗauke, boris na wili ne, gama birki ya damƙe wilin ga mazauninsa. In tana nan, to, majuyin ne. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, amma na ga inda aka sayi boris sabo ful don ba a yi shi ba.

Daga nan kama tayar dama da hagu. Rawa ta nan gaɓoɓin sandunan sitiyari ta ke nunawa. A ganina dai ya fi kyau a sauke motar ƙasa, nauyinta ya danne tayoyi, wani ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan kaɗan, kai kuwa ka tsuguna ka ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Abin da ido ya kasa gani, yatsa ya kan ji. Lura ƙwarai da sandar nan da ke gicciye, wadda ke hana aksul zamewa gefe. Robar da ke bakinta in ta ci, ko notinta ya kwance, sai ka ga jikin motar yana motsi kafin ƙafa ta motsa.

Sai an kashe rawar nan duka kana a auna saitin ƙafa, in ba haka ba awon banza ne, gobe ya sāke. Taya ma tana ba da labari. Shafa tafin hannu a gicciye bisa zanenta. In ka ji kaifi ta gefe guda kamar haƙoran zarto, ƙafafun ba su fuskanci gaba daidai ba. Awon ba wuya, alli kuwa ba ya yanke wa malami. Yi alama a gaban kowace taya daidai tsayin tsakiyar wili, auna tsakaninsu, tura motar gaba har alamun su koma baya a wannan tsayi, ka sake aunawa. Motoci da yawa a kan ɗan tsuke gabansu, amma Defender, da ya ke kullum ƙafa huɗu ke ja, gabanta a kan buɗe, daga daidai wa daida zuwa milimita 2. In ƙafa ta karkata ciki ko waje daga sama, irin wannan aksul ba shi da wurin gyara. Ko majuyin ya ci, ko aksul ɗin ya lanƙwashe.

A tamu motar abu uku muka tarar. Robar sandar gicciye ta ragargaje, majuyin hagu ya saki, sandar da ke haɗa ƙafafun ta bayan aksul kuma ta bugi dutse ta lanƙwashe, har gaba ya buɗe fiye da kima. Wani bakanike ya ce mu sa sabon shokazoban sitiyari kawai, muka ƙi, domin ɓoye rawar zai yi, ba zai warkar da ita ba. Muka canja robar da sandar, aka rage 'yan siraran faranti da ke ƙarƙashin fil na majuyin har ya kama. Kaɗawar ta tafi, amma yawon bai tafi ba sai da Yaya ya sayar da buhunan masara ya sayo hannuwan da aka ƙera don motar da aka ɗaga, masu mayar da digiri 3 ɗin nan.