Tsagar Jirgin Faiba: Wadda Ido Ke Gani da Wadda Ke Ɓoye

Tun bayan haɗarin jirgin ruwa na Warrah da ke ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki, maganar da ake ta nanatawa ita ce a bar jiragen katako a koma na faiba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, tana cikin masu wannan kira, kuma kiran yana da hujja. Sai dai sabon jirgin faiba ba na kowane aljihu ba ne. Mai ƙaramin ƙarfi na hannu zai nema, irin waɗanda suka sha aiki a Legas ko Warri ko Fatakwal, wani lokacin ma hoto kawai dillali zai turo masa a waya. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne.

Jirgin katako ba ya ɓoye ciwonsa. In allo ya ruɓe, ƙusa ta saki, duk wanda ya tashi a bakin kwata zai gane. Faiba tana iya yin sheƙi a waje alhali cikinta ya gama lalacewa. Haka kuma za a iya ganin jikinta duk tsage-tsage amma ƙalau take. Shi ya sa mai saye kan gudu daga jirgi mai lafiya, ya faɗa wa maras lafiya.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera shi. Zaren gilashi ne ake shimfiɗawa hawa-hawa a cikin mazubi, ana jiƙa shi da wani ƙaro mai daskarewa da ake kira rezin. Ƙarfin jirgin a nan yake. Abin da ido ke gani a waje, mai santsi da launi, wani ɓawo ne daban da maƙera ke kira jelkot, kaurinsa bai wuce kamar rabin milimita ba, kuma babu zare a cikinsa. Jikin jirgi yana ɗan lanƙwasa in igiyar ruwa ta buge shi, ɓawon kuwa ba ya jure lanƙwasa, ga rana tana ƙara busar da shi shekara da shekaru. Don haka da wuya a sami tsohon jirgin da babu 'yan siraran tsaga a ɓawonsa.

Siffar tsaga tana faɗin asalinta. Wadda ta bazu ta ko'ina daga tsakiya guda, bugu ne: dutse, kututture, ko anka da ta faɗo. Waɗanda suka cika fili ba tsari, sirara ƙwarai har farce ba ya kama su, yawanci tsufa ne da rana. Abin tsoro su ne waɗanda suka jeru layi-layi kusa da juna, musamman a kusurwa, ko a daidai inda aka haɗa bango ko kujera da jiki daga ciki. Waɗannan suna nuna wurin yana motsi a kai a kai, kuma abin da ke motsa shi bai daina ba. Duk tsagar da farce ya shige ta, ko gefenta ɗaya ya ɗara ɗayan tudu, ko take zubar da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa, ta wuce ɓawo. A leƙa bayanta ta cikin jirgin da tocila. Lafiyayyar faiba da ba a yi wa fenti ba launinta ɗaya ne. Inda zare ya karye yakan yi fari-fat.

Amma wurin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci shi ne bangon baya, inda ake rataye inji. Mutane da yawa sun ɗauka babu katako a jirgin faiba, don haka babu ruɓa. Ba haka ba ne. A yawancin tsofaffin jirage, bangon baya katakon filawud ne aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Sai aka huda shi don notocin inji, aka huda don mafitar ruwa, aka huda don ƙugiya. Kowace huda da ba a toshe ta da kyau ba ƙofa ce. Ruwa ya shiga, ba shi da hanyar fita, katako ya jiƙe ya ruɓe a cikin duhu, faibar waje kuwa tana nan tana ƙyalli. Ruwan daɗi ma ya fi na gishiri saurin ruɓar da katako, domin gishiri yana danne naman gwarin da ke cin itace. Ke nan jirgin da ya lallaɓa a bakin teku yana iya ƙarasa lalacewa da sauri a tafkin Kainji ko a kwatar Yawuri.

Ga shi bangon nan ne ke ɗauke da nauyi mafi tsanani. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 yana kai wajen kilo 70, manyan injuna masu doki 200 kuwa suna kai wajen kilo 200, ban da turin da suke yi in an ba su wuta. Gwajinsa ba ya bukatar na'ura. A fito da jirgin tudu, a ɗaga ƙafar injin sama, ƙaƙƙarfan mutum ya danna ta da nauyinsa yana saki, wani kuma ya tsaya a gefe ya zuba wa bangon ido. Bango mai lafiya ba ya motsi shi kaɗai, sai dai jirgin gaba ɗaya ya girgiza. In aka ga yana shiga yana fita, ko tsagar da ke kusurwar sama tana buɗe baki tana rufewa, magana ta ƙare. A duba washar noti: in ta nutse cikin faiba, abin da ke bayanta ya yi laushi. Faffaɗan farantin ƙarfe da aka ɗaura a bango, wanda mai sayarwa zai ce ƙarin ƙarfi ne, sau da yawa shaida ce cewa wani ya riga ya gano ruɓar. In ya yarda, a kwance noti ɗaya na ƙasa, a zura sukundireba a ramin. Busasshen gari mai haske alheri ne. Baƙar dusa mai danshi, ko ruwa ya biyo baya, sabon bango ke nan za a yi, aikin da kan ci kuɗin da ya kusa na jirgin kansa in ƙarami ne.

Daga nan sai kunne ya karɓi aiki. Yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya, haka ake bin jikin jirgi da ƙaramar gudumar roba ko ƙotar sukundireba, taki bayan taki. Inda hawa-hawan faiba ke manne, ƙarar tana fita tsaf, guduma ta yi tsalle ta dawo. Inda suka rabu ko ruwa ya kwanta, sai a ji dum. A sani dai ƙara tana sauyawa a kan haƙarƙarin ciki, don haka a riƙa kwatanta hagu da dama. Haƙarƙarin nan da ke bin tsawon jirgi a ƙarƙashin daɓe su ma galibi katako ne a lulluɓe. A taka daɓen ba takalmi, lungu-lungu. Inda ya lotsa, akwai labari a ƙasa. Wasu jiragen an cusa musu soso a ƙarƙashi don kada su nutse, kuma in ya sha ruwa sai jirgin ya yi nauyin da ba nasa ba, ya zauna ƙasa a ruwa tun ba a ɗora fasinja ko ɗaya ba.

Bororon da ke fitowa a ƙasan jirgin da ya daɗe a jiƙe ba su kai haka tsanani ba. Ruwa ne ya ratsa ɓawo ya haɗu da ragowar sinadaran rezin. In an fasa ɗaya, ruwa mai tsami da warin khal ke fita, kuma yakan yi tsartuwa, don haka a kare ido. 'Yan ƙanana jefi-jefi dalilin neman ragi ne kawai. Manya masu zurfi da suka cika ƙasan jirgin kuwa sun ci cikin zaren.

Ni sabon fenti ya fi ba ni tsoro a kan tsohuwar tsaga. “Alhaji, ai fenti ne kawai ya tsage,” in ji dillali, kuma wani lokacin gaskiyarsa ce. Amma jirgin da aka fesa wa fenti ana gobe za a sa shi a kasuwa ya rufe bakin duk shaidun da za a tambaya. A jira yamma, a kwantar da hasken tocila a jikinsa ta gefe: faci zai nuna kansa da ɗan tudu ko kwari. Akwai masu cike tsaga da filar masu gyaran jikin mota, wadda ke shan ruwa kuma ba ta ƙara ƙarfin komai. Gyaran ƙwarai shi ne a goge wurin a gangare, faɗin gangaren ya ninka kaurin jiki kamar sau 12, a sake shimfiɗa zare hawa-hawa. Facin da aka yi haka ba aibi ba ne. Na'urar auna danshi tana taimakawa in akwai mai ita, amma sai jirgin ya kwana biyu a tudu, kuma ƙarfe ko fenti mai tagulla kan ruɗe ta.

Kafin kuɗi ya sauya hannu, a sa alamar fensir a ƙarshen kowace tsaga da ake shakka, a tsane cikin jirgin ƙaf, a ɗora masa nauyin da zai riƙa ɗauka, a fita da shi inda ruwa ke da igiya. In an dawo, a duba ko tsaga ta wuce alamarta. Sannan a ɗaga hancinsa a tudu, a zare matoshin baya, a tara bokiti. Ruwa kaɗan mai haske feshin hanya ne. Wanda ya fito da yawa, ko ya fito da launin shayi, ta cikin ruɓaɓɓen katako ya biyo.