Rumfar Kafintoci: Inda Ake Zaɓar wa Gidan Abinci Tebur

A bayan layin 'yan katako, inda kwalta ta ƙare turɓaya ta soma, akwai wata doguwar rumfar kwano da kafintoci suka raba ta gida-gida. Ba ta da allon suna. Mai nemanta da kunne yake gano ta: kukan injin tsaga katako in akwai wuta, bugun guduma in babu. Irin wannan rumfa ba a rasa ta kusa da kowace babbar kasuwar katako a Arewa, ko Na'ibawa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Jos, ko Dei-Dei a Abuja. Wadda nake magana a kanta a Kano take. Gado da kujerun amare suna da lokacinsu a nan, su zo su wuce, amma teburan gidajen abinci ba sa yankewa, domin kullum wani na buɗe sabon wuri, wani kuma na zuwa sauya teburan da suka ba shi kunya.

Yara masu koyon aiki ne ke fara isowa. Su share dusar katakon jiya su ɗura a buhu, don masu kiwon kaji na zuwa saye su shimfiɗa wa tsaki. Guntayen da suka rage a tara wa mai ƙosai ta bakin hanya. Kafin maigida ya iso an wasa abin wasawa, an fito da aikin da aka matse da gam ya kwana. Daga nan wutar lantarki ce ke tsara yinin. Da zarar an kawo ta kowa ya saki abin da ke hannunsa ya kama layin inji, in an ɗauke a koma zarto da samfefa, don ba kowane aiki ne ya cancanci a ƙona masa man janareta ba. Da azahar a kakkaɓe jiki a yi salla, a shimfiɗa tabarma, a zagaye kwano ɗaya. Haka mafi yawanmu muka tashi muna ci, kuma shi ya sa zaɓen teburin cin abinci bai zama ilimin da aka gada a gida ba. Uwa na iya koya wa 'yarta gane tukunya mai kyau da turmin ƙirya na gaske. Katakon tebur kuwa, yawancin masu gidan abinci sai sun yi asara sau ɗaya suke sanin kansa.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci a rumfar shi ne wanda baƙo bai cika kula da shi ba. Can baya, inda rana ba ta bugawa kai tsaye, an jera falankai bisa juna, an ɗaga su daga ƙasa, an sa siraran sanduna tsakanin kowane da na samansa don iska ta ratsa. An shafe bakunansu da ragowar fenti don kada su tsage ta ƙarshe. Wasu sun yi wata uku a nan, wasu sun ga damina sun ga hunturu. Jari ne a kwance, ba ya kawo ko sisi, kuma ba kowane kafinta ne ke da ƙarfin aljihun da zai bar shi ya kwanta ba. Amma a ganina duk wanda zai sayi tebur, nan ya kamata ya fara leƙawa tun kafin ya tambayi farashi.

Dalili kuwa a fili yake. Mafi yawan katakon da ke kasuwannin Arewa daga Kudu tireloli ke kawo shi, daga dazuzzukan Ondo, Edo, Ogun da Kuros Riba, inda iska ke ɗauke da laima kusan shekara cur. Sau da yawa ana tsaga gungumen a loda shi da ruwansa. Ya iso Kano, inda laimar iska ke haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta, ta faɗo ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Katako yana shan laima yana fitarwa muddin yana nan, kuma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Ko busasshe ne, fuskar tebur mai faɗin mita ɗaya tana iya motsawa kimanin santimita ɗaya tsakanin damina da hunturu. To ina ga ɗanye? Teburin da aka haɗa da ɗanyen falanki a watan Satumba, kafin Janairu ya fita za a ga mahaɗarsa ta buɗe, gefensa ya ɗaga, kofin shayi na rawa a kai. A cikin wannan tsaga miya ke shiga, da ƙwayar shinkafa, da ruwan wanke hannu, kuma babu tsumman da ke kaiwa can. Daga nan sai wari, sai kyankyaso.

Akwai ƙaramar na'urar auna danshin katako, amma ba ita aka dogara da ita a rumfar ba. Maigida da hannu yake aunawa. Ya ɗaga falankin ta baki ɗaya ya ji nauyi. Ya ɗora tafin hannu a kai, domin ɗanye sanyi yake yi. Ya ƙwanƙwasa, busasshe ya amsa da ƙara, ɗanye ya yi dum. In har yanzu yana shakka sai ya sa yaro ya yanko ɗan guntu daga baki, ya dubi tsakiyar ko ta fi gefe duhu, ya damƙi dusar ya ga ko za ta dunƙule.

Sai batun iri, kuma nan ne gardama ba ta ƙarewa tsakanin kafintocin kansu. Wanda kusan kowa ya sallama wa shi ne iroko, wato loko. In an tsaga shi rawaya-rawaya yake, yana daɗewa yana komawa ruwan ƙasa mai duhu. Yana jure ruwa, gara ba ta samun sa da sauƙi, in ya bushe ba ya yawan motsi. Masu aikinsa ne ke shan wahala, don ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, kuma wani lokaci akan tarar da wani abu mai tauri kamar tsakuwa a cikinsa ya dakusar da haƙoran zarto. Mahogani, ɗan'uwan maɗacin da muka sani, ja ne mai kyan gani, yana gogewa sumul, shi ne abin son masu manyan wurare. Tik ma yana nan, daga gonakin itace da aka dasa, yana da maiƙo a jikinsa da ke hana ruwa kama shi, sai dai da wuya a samu mai faɗi.

A ƙasa da waɗannan akwai malaina, fara mai sauƙin kuɗi. Asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne, an dasa ta da yawa a Najeriya don ciyar da masana'antun takarda, ta ƙare a hannun kafintoci. Tana da jinkirin bushewa sosai, ana iya ganin bayanta ƙamas cikinta kuwa jiƙe, amma in ta bushe da gaske tana zama lafiya, kuma mai ƙaramin jari ba zai yi da-na-sani ba. Wanda ban ga dalilin sa shi a fuskar tebur ba shi ne obece. Farce ma yana yi masa shaida, ƙwaron katako na son sa, gindin kwano mai nauyi kan bar masa tabo. Yana da amfaninsa a cikin durowa da bayan kabad. Farar afara ma ba ta jure jiƙa. Abin takaici shi ne ita ce wasu ke shafa wa jan launi su sayar a matsayin mahogani, kuma a rumfar ba sa ɓoye haushinsu kan masu yin haka, don sunan sana'ar gaba ɗaya suke ɓatawa. Gane wannan ba wuya: a kifa teburin a duba ƙarƙashinsa, ko a ɗan kankare wani lungu a ga ko launin ya shiga ciki.

Masu saye iri-iri ne. Akwai matashin da zai zo da hoton wani gidan abinci na Dubai a waya, yana son falanki guda mai kauri da gefensa yadda Allah ya halicce shi. Akwai mai shayi da ke neman dogon tebur ɗaya da benci biyu. Amma wadda aka fi gani ita ce hajiyar da ta shekara da shekaru tana tuwo-tuwo a rumfa, yanzu ta kama shago tana so ta buɗe kafin Salla. Takan zo da ɗanta ko ƙaninta, kuɗinta a ƙididdige, ranarta a tsaye. Idonta kan tafi kan wanda ya fi sheƙi. Maigida ba ya musu da ita. Yakan sa a kawo guntaye biyu, ya ce, “Hajiya, ɗaga ki ji,” sannan ya miƙa mata ƙusa ta karta kowanne. Sai ya shiga tambaya: mutum nawa ne za su zauna, a ciki za a ajiye ko a baranda, da me ake goge teburin, sau nawa a yini. Ita kuma ta ce, “Malam, ni dai kada a wuce min ranar nan.” A nan ne gaskiyar kafinta ke bayyana. Mai tsoron Allah zai ce busasshen da ke hannunsa na tebur shida ne ba goma ba, ta karɓi shida ta buɗe, sauran su biyo baya. Wanda idonsa ke kan kafin alƙalami zai ce babu damuwa, ya aika a sayo ɗanye da yamma. Sauri ya haifi nawa, kuma ita ce za ta biya.

Awo ba shi da rikici. Tsayin tebur inci 30, kimanin santimita 75. Kowane mai ci yana bukatar faɗin ƙafa 2 don kada gwiwar hannunsa ta shiga kwanon maƙwabci. Tebur mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2 da rabi ya ishi mutum huɗu, har da wurin kwanon miya da ruwan sha. Kauri ne mutane ke yi wa rowa. Falanki mai inci 1, in an goge shi ciki da baya, ba ya kaiwa incin, kuma ga teburin da za a jingina a kansa safe da yamma gara a fara da mai inci 2.

Haɗin kuwa a ƙarƙashi ake gane shi. A rumfar ba sa son falanki ɗaya mai faɗi, sun fi yarda a tsaga shi sirara, a jera ana juya fuskokinsu, a haɗa da gam a matse, don in ɗaya ya so lanƙwashewa sama na kusa da shi ya ja shi ƙasa. Wanda ya fito daga ainihin tsakiyar gungume a ware shi, tsagewa zai yi. Farin gefen da ke kusa da ɓawo a yanke a yar, shi ƙwaro ke fara ci. Sandunan da ke riƙe fuskar ta ƙasa, da ƙafafun ƙarfe da masu walda ke kawowa, akan yi musu ramin sukuru mai ɗan tsawo, don katakon ya samu wurin motsawa. In aka ɗaure shi tamau, ranar da hunturu ya ja shi sai ya fashe.

Daga nan sai aikin da yara suka fi ƙi, wato samfefa. A fara da mai kaushi a gama da mai laushi, a shafa banish, a bari ya bushe, a sake gogewa, a sake shafawa, har sau uku ko fiye, kuma a yi shi da sassafe kafin ƙura ta tashi. Sama da ƙasa da bakunan duka ake shafewa, don in fuska ɗaya kawai aka rufe, ɗayar za ta riƙa shan laima ita kaɗai, teburin ya karkace. Teburin gidan abinci yana ganin abin da na falo bai taɓa gani ba: manja, zoɓo, gindin tukunya mai zafi, gumin kwalbar lemo mai sanyi, da jiƙaƙƙen tsumma mai sabulu bayan kowane mai ci. Mai sheƙi kamar madubi shi ne ke fara nuna karce. Mai ɗan dishi-dishi ya fi rufa asiri.

Ba zan ce allon MDF da ake lulluɓewa da fomaika ba shi da wuri ba. Yana da araha, yana da santsi, hunturu ba ya tsaga shi. Amma garin katako ne da gam, kuma ranar da ruwa ya samu ƙofa ta gefensa zai kumbura, ba ya komawa. A bayan rumfar akwai tarinsu da aka dawo da su, babu abin da za a yi da su. Kusa da su kuma akwai tsofaffin teburan iroko da aka kawo gyara, an kankare fuskarsu an sake shafawa, za su koma bakin aiki.

Wannan bambanci ya fi nauyi yanzu, domin dajin da ake dogaro da shi yana ja da baya. Tsofaffin kafintoci na tuna lokacin da falanki mai faɗin inci 12 yake cika awonsa, yau sai an tona. Madobiya, wadda aka kwashe daga Taraba da maƙwabtanta zuwa ƙasar Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. A 2022 aka ƙara mahoganin Afirka da itacen kawo a wannan jeri. Itacen da ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya isa sara, zalunci ne a ɓata shi a teburin da ba zai ga hunturu biyu ba saboda an ƙi jiran ya bushe.

Don haka, mai niyyar buɗe gidan abinci, kada ka bar tebur ya zama abu na ƙarshe bayan fenti da labule. Je ka rumfar wata uku ko huɗu kafin ranar buɗewa, ka ce a kai ka baya ka ga tarin da ke bushewa, ka zaɓi falankanka da hannunka, ka sa a rubuta sunanka a bakinsu. Ranar karɓa kuma, kafin ka cika kuɗin, ka sa a kifa maka kowane tebur ka duba ƙarƙashinsa.